Gwajin jini don gano ƙazuwar tumaki kafin ta bayyana: yaya ake karanta sakamakonsa?

Ɗalibin Kiwo ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina karatun kiwon dabbobi a Sukotland, kuma cikin sharuɗɗan karatun akwai zaman koyon aiki a gona, don haka aka tura ni wurin wani makiyayi a kudancin ƙasar, daf da iyakar Ingila, wanda yake kiwon tumaki masu ulu. A watan Satumba ya sayo ragunan barbara da wasu 'yan tumaki daga kasuwar gwanjo, ya ware su a filin da ba ya haɗe da na sauran garken. Bayan sun yi mako biyu likitan dabbobi ya zo ya ɗebi jinin guda 12 daga cikin baƙin, ya ɗebi na wasu 12 daga tsohon garken, ya aika ɗakin gwaje-gwaje domin a duba ko suna ɗauke da ƙwaron ƙazuwar tumaki, wanda masana ke kira Psoroptes ovis.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne babu ko ɗaya daga cikin dabbobin nan da ke susa, babu wadda ke goga jikinta da shinge, kuma na bi wayar filin ban ga ulu ya maƙale a jikinta ba. Duk da haka sakamako ya dawo yana cewa tsohon garken lafiya lau, amma a cikin baƙin jinin guda biyu ya nuna alama, ɗaya da ƙarfi, ɗaya kuma a bakin iyaka. Likitan ya dawo ya buɗe ulun dabbobin biyu, ya kankari fatarsu ya duba a madubin likita, bai ga ƙwaro ko ɗaya ba. Yanzu mai gonar yana tsaka mai wuya, domin lokacin sakin raguna cikin tumaki ya ƙarato, kuma shi yana ganin da a yi ta jira gara a yi wa kowa allura a huta.

Ina roƙon masana da ke wannan zaure su warware mini abubuwa uku. Ta yaya jini zai ba da labarin ƙwaron da ke zaune a kan fata, alhali ba ya shiga jini? Wanne za a gaskata idan jini ya ce akwai, madubi kuma ya ce babu, kuma me ya sa guda 12 kaɗai ake ɗiba? Sannan mahaifina yana da 'Yankasa a gida, kuma ƙazuwa takan dame su, shin wannan gwaji zai yi masa amfani?

Likitar Dabbobi ta amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, tambayoyinka suna kan hanya, kuma da yake a Birtaniya nake aiki, wannan magana ce da muke yi da makiyaya kusan kullum daga Satumba har ƙarshen hunturu. Zan fara da ta farkon, domin idan ta zauna sauran za su zo da sauƙi.

Gaskiya ne ƙwaron ba ya shiga jini, kuma ba ya ma tona fata. A saman fata yake zaune, a gindin ulu, kuma macen da ta balaga ba ta cika milimita ɗaya ba, ta yadda mai kaifin ido zai iya ganinta kamar ɗan farin ɗigo yana motsi idan aka ɗora ta a kan baƙin abu. Ciwon da ake gani ba cizonsa ne ke kawo shi ba. Kashin da yake ajiyewa a kan fata yana ɗauke da wasu furotin da jikin tunkiya ba ya jurewa, sai fatar ta yi bori, ta kumbura, ta riƙa tsattsafo da wani ruwa mai launin rawaya, wanda shi ne abincin ƙwaron, kuma idan ya bushe shi ne ɓawon da ake gani. Tun daga ranakun farko garkuwar jikin tunkiyar take fara ƙera sinadaran kariya da suka dace da waɗannan furotin, su kuwa sinadaran a cikin jini suke yawo. Su ake nema, ba ƙwaron ba. Masu bincike a Cibiyar Moredun da ke kusa da Edinbara sun ɗauki furotin guda da ake kira Pso o 2, ɗan uwan wanda ke jikin ƙwaron ƙurar ɗaki mai tayar wa wasu mutane da asma, suka ƙera shi a ɗakin gwaje-gwaje, suka gina gwajin a kansa ta hanyar da ake kira ELISA. Ana shafa furotin ɗin a ƙananan ramukan wani faranti, a zuba ruwan jinin dabbar, idan akwai sinadaran sai su manne, a ƙara wani sinadari da ke sauya launi, na'ura kuma ta auna ƙarfin launin. Shi ya sa sakamakon ba “e” ko “a'a” ba ne kawai, lamba ce, kuma shi ya sa aka ce maka ɗaya mai ƙarfi ne, ɗaya a bakin iyaka.

Amfanin wannan yana cikin tazarar lokaci. Jini yakan fara nuna alama cikin mako biyu da kamuwa, yayin da ido kan ɗauki makonni da dama, wani lokaci watanni, kafin ya ga susa da zubar ulu. A wannan tsakani ƙwarin ba su da yawa, ciwon bai fi faɗin kwabo ba, yana ɓoye a ƙarƙashin ulu mai kauri a kafaɗa ko gadon baya, wasu kuma suna laɓewa a cikin kunne, ko a ɗan ramin da ke ƙasan ido, ko a matsematsi. Daga ƙwai zuwa balaga kusan mako biyu ne, saboda haka yawansu yana ninkuwa a hankali da farko, sannan ya fashe gaba ɗaya. Tunkiyar da ke cikin wannan hali ita ce mai haɗari, domin dillali zai yaba ta, mai saye zai shafa ta ya ga babu aibi, a loda ta a mota tare da wasu, ta isa sabon gida ta raba wa kowa.

Daga nan za ka ga dalilin da ya sa rashin ganin ƙwaro a madubi bai wanke dabbobin nan biyu ba. Kankarar fata tana aiki sosai idan akwai ciwo a fili, domin a bakin ciwon ƙwarin ke taruwa, inda ɓawo ya haɗu da lafiyayyar fata, kuma nan ake sa aska. Idan babu ciwon da za a bi, likita yana lalube ne a jikin dabba mai ulu ko'ina, kuma sau da yawa zai tashi hannu banza ko da ƙwaron yana nan. Idan madubi ya ce akwai, magana ta ƙare. Idan ya ce babu a matakin farko, bai faɗi abu mai yawa ba.

Sai dai jinin ma yana da iyakarsa, kuma nan ne mutane ke yawan kuskure. Sinadaran kariya ba sa ɓacewa ranar da ƙwaron ya mutu, suna raguwa ne sannu a hankali cikin watanni. Gwajin kamar sawu ne a bakin ƙofa, yana tabbatar da cewa baƙo ya shigo, amma ba ya faɗin ko yana ciki har yanzu. Ragon da ya yi ƙazuwa a gidansu na farko, aka yi masa magani ya warke kafin a kai shi kasuwa, jininsa zai iya nuna alama alhali babu ƙwaro mai rai ko ɗaya a jikinsa. Saboda haka matakin farko da zan ɗauka a halin da kuke ciki ba allura ba ce, kiran waya ne. A nemi wanda ya sayar da dabbobin, a tambaye shi ko sun taɓa kamuwa, da wane magani aka yi musu, kuma a wace rana.

Game da guda 12, ka sani cewa gwajin garke ake yi, ba na tunkiya ɗaya ba. Ana ɗibar 12 daga kowane rukunin da ke kiwo tare, kuma idan akwai masu alamar susa a sa su a ciki. Lissafin mai sauƙi ne. Idan ɗaya cikin biyar na garken ya kamu, yiwuwar a ɗebi 12 ba a dace da mai cutar ko ɗaya ba kusan kashi 7 ne cikin 100. Idan kuwa ɗaya cikin goma ne ya kamu, yiwuwar kuskurewar ta haura zuwa kusan kashi 28, wanda ke nufin “lafiya lau” ɗin tsohon garkenku labari ne mai daɗi, amma ba rantsuwa ba ce. Ta ɗaya ɓangaren kuma, alƙaluman da aka wallafa bayan an inganta gwajin sun nuna yana kama kusan kashi 98 cikin 100 na dabbobin da suka kamu, yana kuma wanke kashi 96.5 na waɗanda ba su kamu ba. Wannan adadi yana da kyau, amma idan ka gwada lafiyayyun dabbobi 12 da shi, kusan sau ɗaya cikin uku za ka iya samun guda da ta nuna alamar ƙarya. Da a ce mai raunin nan kaɗai aka samu, da na ce a ci gaba da killace su, a sake ɗibar jini bayan mako biyu zuwa uku a ga ko lambar ta hau ko ta sauka. Amma mai ƙarfi ɗaya da mai rauni ɗaya, a cikin dabbobin da suka ratso kasuwa, idan mai sayarwa bai kawo bayani gamsasshe ba, ni a ganina rukunin baƙin gaba ɗayansa ya cancanci magani kafin rago ko ɗaya ya tsallaka shinge. Tsohon garken kuwa a bar shi, babu hujjar taɓa shi. Ka kuma tuna wa mai gonar cewa a Sukotland dokar 2010 ta wajabta kai rahoto ga hukuma idan an san akwai cutar ko ana zarginta, don haka ya tattauna wannan da likitansa tun yanzu.

Tambayarka ta uku na bar wa waɗanda ke aiki a gida.

Baba Mai Tumaki ya amsa:

Salamu alaikum. Likita, Allah ya ƙara basira, na karanta bayaninki har ƙarshe, kuma na ƙaru. Amma ina da ja, kuma ina fata za a yi mini uzuri idan na yi magana irin ta wanda ya tsufa a cikin garke ba a cikin aji ba.

Mu a nan idan tunkiya ta kamu da ƙazuwa ba ma buƙatar kowa ya faɗa mana. Za ka ga tana goga fuska da turke, kunnuwa sun yi kauri, gashin gefen hanci ya zube, fatar ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Kwalbar ivermectin tana nan a kowace kasuwar dabbobi, a yi mata allura, a yi wa na kusa da ita, bayan 'yan kwanaki ka ga ta koma cin abincinta. To idan allurar nan tana kashe ƙwaron, kuma tana kashe tsutsar ciki a lokaci guda, ina hikimar biyan likita ya zo ya ɗebi jini, a biya ɗakin gwaje-gwaje, a zauna jiran sakamako, sannan daga ƙarshe a ce wai sakamakon ma yana iya zama na cutar da ta riga ta wuce? Ni ina ganin mai gonar nan yana da gaskiya. Kuɗin da za a kashe wajen tambaya, a kashe shi wajen magani.

Abu na biyu, ɗana mai tambaya ya ce garken mai gidansa ya fita lafiya. To maƙwabtansa fa? Na san halin tumaki, babu shingen da ke hana su shinshinar juna. Idan kai ka gwada naka, na kusa da kai bai gwada ba, wata mai zuwa kana nan inda ka fara. Ina so a faɗa mini yadda takardar sakamako za ta tsare garke daga tunkiyar maƙwabci.

Malamin Asibitin Dabbobi ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Abin da kuka siffanta daidai ne, kuma siffar da kuka bayar ita ce ma amsar tambaya ta uku da ɗalibinmu ya yi, domin ciwon da ke kama fuska da kunnuwa da gefen hanci, ya sa fata ta yi kauri, galibi ba aikin ƙwaron da Likita ta yi bayani ba ne. Wannan siffar Sarcoptes ce, ƙwaron da ke tona fata ya yi rami a cikinta ya saka ƙwai, wanda ya fi son wuraren da gashi bai yi yawa ba, kuma yana addabar awaki ƙwarai, har yakan sa wa mai kula da su ƙaiƙayi na ɗan lokaci a hannu. Gwajin Moredun an gina shi ne a kan furotin ɗin Psoroptes ovis, an kuma auna ingancinsa a kan tumakin Birtaniya, saboda haka ba za a ɗauke shi a matsayin gwajin kowace irin ƙazuwa ba.

Akwai kuma bambancin jiki. 'Yankasa da Uda da Balami tumaki ne masu gashi, ba masu ulu ba, kuma abin da ya sa cutar ke ɓuya watanni a Sukotland shi ne wannan bargon ulu mai riƙe danshi da ɗumi, ga sanyi da ruwan sama na tsawon hunturu. A jikin ragon Uda mai gajeren gashi, a cikin rana irin tamu, ciwo ba ya samun irin wannan maɓoya, kuma ido da hannu suna riskarsa da wuri. Ba ina cewa babu Psoroptes a Afirka ba, domin a Afirka ta Kudu, inda ake kiwon tumakin Merino masu ulu, cuta ce da hukuma ke sa wa ido da doka, kuma ko a yankinmu akwai tumaki masu ulu irin na Kundum a gaɓar kogin Kwara ta yammacin Nijar da na Masina a Mali. Amma ga mahaifin ɗalibinmu, abin da zai amfane shi ba kwalbar jini ba ce, aska ce da madubin likita, kuma ana yin wannan a asibitocin koyarwa na dabbobi irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da cibiyar bincike ta Vom. Ga Sarcoptes sai an kankari fatar da zurfi har jini ya ɗan tsattsafo, sannan a jiƙa abin da aka kankaro da sinadarin da ke narkar da ɓawo, a duba.

Inda zan saɓa muku, Baba, shi ne batun cewa ido ya isa. Abubuwa da dama suna kama da juna a fatar dabba. Kirci, wanda ke yawaita da damina, ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi, gashi ya dunƙule da ɓawo, kuma ko kwalba nawa ta ivermectin aka ƙarar a kansa ba zai motsa ba, maganinsa daban ne. Ƙwarƙwata mai cin ɓawon fata tana sa susa sosai, ita ma allura ba ta kashe ta yadda ya kamata domin ba ta shan jini. Ga kuma makero. Sau da yawa akan kawo mana dabbar da aka yi wa allura sau uku ko huɗu, aka shafe ta da baƙin mai har fatar ta ƙone, kuma da aka duba sai a tarar tun farko ba ƙazuwa ba ce.

Ko inda ƙazuwar ce, yadda ake allurar yana da gyara. Ma'aunin ivermectin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 shi ne mililita 1 ga kowane kilo 50 na nauyin dabba, a ƙarƙashin fata, amma nawa ne cikinmu ke auna nauyi kafin su zuƙo magani? Sannan allurar ba ta kashe ƙwai, shi ya sa ake maimaita ta bayan mako guda ko fiye kaɗan, kuma wannan ta biyun ita ce ake yawan bari da zarar susa ta lafa. Haka nan akwai wa'adin makonni da ya kamata a jira kafin a yanka dabbar da aka yi wa allura, abin da ake mantawa da shi a kan ragunan layya da ake gyarawa ana saura kwanaki kaɗan Sallah. Darasi ɗaya da za mu ɗauka kai tsaye daga gonar da ɗalibinmu yake shi ne killace baƙuwar dabba. Ragon da aka sayo daga kara a ɗaure shi a turkensa daban na mako uku zuwa huɗu, da kwanon ruwansa da na dusarsa, kafin ya haɗu da na gida. Wannan ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje.

Likitar Dabbobi ta sake amsawa:

Baba, Allah ya ja kwana. Shawarar da kuka bayar, wato a yi wa kowa allura a huta, ita ce ainihin abin da makiyayan Birtaniya suka yi shekara da shekaru, kuma sakamakonta ne ya sa yanzu ake ɗibar jini. An taɓa kawar da cutar daga ƙasar a 1952, ta dawo a 1973, aka yi ta fama da ita ta hanyar tilasta wa kowa tsoma tumakinsa cikin ruwan magani, har zuwa 1992 da gwamnati ta janye tilascin. Daga nan cutar ta bazu, kuma da yake allura ta fi wanka sauƙi, mutane suka koma kanta, suna yi ko da cuta ko babu. A 2018 masu bincike a Jami'ar Bristol suka tabbatar da cewa an samu ƙwarin da maganin allura na moxidectin ba ya kashewa a wasu gonaki, ba da jimawa ba kuma aka nuna cewa ivermectin da doramectin ma ba sa kashe su, domin dukkansu dangi ɗaya ne. Abin da kuka ambata a matsayin riba, cewa allurar tana kashe tsutsar ciki a lokaci guda, shi ne asara ta biyu, domin duk allurar da aka yi saboda ƙazuwar da babu ita tana tace tsutsotsin ciki, masu rauni su mutu, masu jure magani su rage su hayayyafa. Wani kiyasi da aka wallafa a 2020 ya sa asarar da cutar ke jawo wa ƙasar tsakanin fam miliyan 78 da miliyan 202 a shekara. Don haka babban amfanin gwajin, a wurina, ba gano masu cutar ba ne kaɗai, ba wa makiyayi hujjar ƙin taɓa lafiyayyen garke ne.

Idan allurai suka gaza, abin da ya rage iri ɗaya ne tak, wato wankan diazinon, kuma shi ne zan zaɓa wa baƙin dabbobin gonar nan idan za a iya samu. Ana tsoma tunkiya cikin kwamin ruwan maganin har minti ɗaya cur, a nutsar da kanta sau biyu domin maganin ya shiga kunne, kuma yana kashe ƙwaron ƙazuwa da ƙwarƙwata a rana ɗaya, ya ba da kariya ta kusan kwana 60. Feshi ko shawa ba sa ratsa ulu su kai fata, kuma yin amfani da wannan magani ta wannan hanya hanya ce ta koya wa ƙwaron jure shi. Diazinon guba ce mai ƙarfi ga mutum da kifi, shi ya sa sai mai takardar shaidar ƙwarewa ke sayensa, zubar da ragowar ruwan ma sai da izini, kuma yawancin makiyaya yanzu suna kiran 'yan kwangila masu yawo da kwamin a kan mota. Ƙanena, ka tabbatar ba a ba dabbobin maganin tsutsa na levamisole cikin kwana 14 kafin wankan ko bayansa ba, domin haɗuwarsu tana iya yi musu illa. Idan kuma aka zaɓi allura, a duba ko mai dogon aiki ce, domin ƙwaron yana iya rayuwa har kwana 17 a jikin shinge da mota da tarkacen ulu, kuma dabbar da aka yi wa allura mai gajeren aiki aka mayar da ita tsohon filinta za ta sake ɗauka.

A kan maƙwabta kuwa, Baba, ban da abin cewa sai dai in ce kun yi gaskiya. Takarda ba ta tsare garke. Shi ya sa shirye-shiryen da aka yi a 'yan shekarun nan, a Ingila da Wales da tsibirin Lewis da Harris na Sukotland, ba gona ɗaya-ɗaya suka bi ba, sun tara makiyayan da ke iyaka da juna ko suke kiwo a fili ɗaya, aka gwada garkunansu a lokaci guda, waɗanda aka samu da cutar aka yi musu magani a lokaci guda. Gwajin ya taimaka ta wata fuskar da ba a zata ba, domin cutar tana da abin kunya a tsakaninsu, kowa yana zargin na kusa da shi, amma idan kowa ya miƙa jinin tumakinsa rana ɗaya, babu wanda aka nuna da yatsa. Wasu kuma suna yin shinge biyu da tazara a tsakani, ta yadda tumakin gida biyu ba za su taɓa juna ba.

Saura abu ɗaya da mai gonar zai tambaya bayan an yi maganin, wato yadda zai san ya ci. Kada ya sake ɗibar jinin dabbobin nan bayan mako biyu yana tsammanin ya ga sun fita, domin ba za su fita ba, kuma susa ma, ga waɗanda suka fara ta, tana iya ci gaba na ɗan lokaci bayan ƙwarin sun mutu. Idan ana shakkar maganin bai yi aiki ba, musamman bayan allura, abin nema shi ne ƙwaro mai rai a madubi. Jinin kuma a sake ɗibarsa daga tsohon garken a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da ake tara tumaki domin duba cikinsu da na'ura, tunda a lokacin sun riga sun zauna da ragunan, kuma idan wani abu ya tsallaka akwai sauran lokacin yin magani kafin haihuwa.